Sabuwar unguwa: kwalta za a fara nema ko fili?

Duk inda gari yake faɗaɗa, in ka tara mutanen sabuwar unguwa kace su faɗi abun da suke so hukuma tayi masu, kusan amsar iri ɗaya ce. A sa mana kwalta, a jawo mana ruwan famfo, a kawo wuta, a yi mana magudanar ruwa, in an yi sa'a wani yace makaranta ko asibiti. Wanda kuwa ya miƙe yace a bar fili don yara ko a dasa bishiyoyi, kallon ƙosasshe ake masa wanda bai san damuwar mutane ba. Kuma gaskiya ba laifinsu bane, mutumin da kullum da damina motarsa ke kafewa a taɓo kafin ya kai ƙofar gida ba zaka fara masa zancen wurin shaƙatawa ya saurare ka ba.

Amma ni a ganina wannan jerin buƙatun yana da matsala, don an jera shi ne bisa abun da yafi ciwo yau, alhali akwai wata tambayar da ya kamata ta riga wannan, wato a cikin abubuwan nan wanne za a iya kawowa daga baya wanne ne kuma in ya wuce ya wuce kenan. Kwalta ko bayan shekara goma aka zo za a shimfiɗa ta in dai hanyar tana nan da faɗinta, bututun ruwa za a haƙa a binne, turakun wuta za a kafa, taransifoma za a ɗauko a mota a ajiye cikin yini ɗaya. Amma faɗin hanyar kansa, da inda ruwan sama zai bi ya wuce, da filin da za a gina makarantar, da filin da yara zasu buga ƙwallo, waɗannan ranar da aka yanka su fuloti aka zuba fandisho shikenan, sai dai rusau da diyya da shari'a, kuma babu ɗan siyasar da yake son ya rushe gidajen masu zaɓensa.

Yanda bakin gari yake cika kowa ya sani. Mai gona ya sayar, wanda ya saya ya kawo masu awo, ko ma awon igiya ayi kawai, kuma lissafinsa bai wuce fuloti nawa zasu fita ba, duk mitar da ya bari ta hanya a wurinsa asara ce, sai ya bar layi ɗan siriri, maƙwabcinsa da ya sayi gonar kusa shi ma ya yanka nasa ta wata fuskar daban, layin wannan ya je ya ci karo da katangar wancan. Babu wanda yayi laifi a cikinsu in ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma in aka haɗa sai a samu unguwa mai dubban gidaje wadda babu hanya ko ɗaya da ta ratsa ta daga farko zuwa ƙarshe. A irin wannan layin ne zaka ga mota biyu sun haɗu dole ɗaya ta koma da baya har bakin titi, ranar da gobara ta tashi motar kashe gobara ta tsaya a bakin layi ana jan tiyo yana ƙarewa kafin ya kai gidan, masu kwasar shara kuma basa ma gwada shiga.

Kuma abun ba ƙarami bane. Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ta ƙiyasta kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma zuwa 2050 zasu kai kashi 68, mafi yawan ƙarin a Asiya da Afirka, kuma waɗannan mutanen ba a tsakiyar gari zasu samu wuri ba, a gefe zasu zauna, a gonakin da yanzu ake nomawa. Hukumar majalisar mai kula da matsugunai wato UN-Habitat tana bada shawarar a ware aƙalla kashi 30 na ƙasar birni don tituna, sannan kashi 15 zuwa 20 don filayen jama'a, kaga kusan rabin ƙasar kenan bai kamata a gina komai a kai ba. Mai yanka fuloti in ka gaya masa haka dariya zai yi.

Akwai birane biyu da labarinsu ke nuna abun a fili. A 1811 hukumomin New York a Amurka suka zana taswirar tsibirin Manhattan, lokacin mutanen garin basu kai dubu 100 ba kuma yawancinsu a can kudancin tsibirin suke, amma aka zana manyan hanyoyi 12 a tsaye da tituna 155 a kwance a kan gonaki da duwatsu da daji inda mutane kaɗan ne, aka bi aka kafa alamomi, ba a gina titunan nan take ba, wasu sai bayan gomman shekaru, amma duk wanda ya sayi fili ya san inda hanya zata bi. Har yau titunan nan su ake amfani da su. Inda suka yi sakaci shi ne filin shaƙatawa, kaɗan suka bari, sai a shekarun 1850 aka ga dole sai an yi babban lambu, aka ƙwace filin da ya zama Central Park mai faɗin hekta 341, kuma sai da aka tashi mutane wajen 1,600 daga gidajensu, ciki har da wani ƙauye da ake kira Seneca wanda yawancin mazaunansa baƙaƙen fata ne, da yawansu masu mallakar filayensu. Wato ko a lokacin da wurin bai gama cika ba, jinkirin shekara arba'in sai da wasu suka biya shi da gidajensu, kuma ba masu ƙarfi bane suka biya.

Na biyun Basalona ne a Sifaniya. Wani injiniya Ildefons Cerdà ya zana faɗaɗar birnin a 1859, tituna masu faɗin mita 20, kuma a tsarinsa kowane rukunin gidaje ba za a gine shi duka ba, gefe biyu ko uku za a gina a bar tsakiya lambu. Titunan sun tsira har yau, amma lambunan kuwa masu filaye suka bi su a hankali suka gine, aka toshe duk gefe huɗun aka cika tsakiyar da sito da wuraren sana'a, sai daga baya birnin ya dawo yana ƙoƙarin ƙwato wasu ɗaya bayan ɗaya. Dalilin da yasa titi ya tsira lambu ya tafi shi ne abun lura. Titi kowa na bi kullum, in ka toshe shi washegari za a yi maka ca, kuma shi kansa mai fili yana buƙatarsa don a iso ƙofarsa. Lambu kuwa babu wanda zai rasa hanyar zuwa aiki don an gine shi, saboda haka babu mai tsaya masa.

Haka filin da aka shafa wa koren fenti a taswira yake ɓacewa a ko'ina, kuma ba dare ɗaya ba. Farko ana zuba shara a gefe tunda ba na kowa bane, sai ciyawa ta rufe shi ya zama maɓoyar ɓata gari, sai maƙwabta da kansu su fara ƙorafi, sai wani ya ajiye kwantena yace na ɗan lokaci ne, sai ka wayi gari an sauke tifar yashi da bulo a kusurwa ɗaya, bayan wata biyu an zagaye da katanga an sa gyat, in ka tambaya ace ai an canza amfanin filin, takarda ma akwai. A lokacin wasu har daɗi suke ji don an raba su da bola. Shi yasa ware fili a takarda kaɗai baya isa, dole a fara amfani da shi tun ranar farko ko da babu kuɗin gyara shi, a kafa ragar ƙwallo, a dasa bishiyoyi a kan iyakarsa duka, a sa ƴan kujerun siminti, a yi masa takardar mallaka da sunan jama'a wadda mutum ɗaya a ofis bai isa ya canza ta da sa hannunsa ba. Filin da yara ɗari ke wasa a kai kowace yamma yana da masu gadi ɗari da iyayensu.

Sai kuma kuskuren ɗaukar fili da bishiya a matsayin ado, abun da za a yi in an gama muhimman ayyuka. Yawancin lokaci shi ne ma muhimmin aikin, musamman ta wajen ruwa. Gona in aka yi ruwan sama tana shanye mafi yawansa, in aka rufe ta da kwano da siminti da kwalta ruwan bashi da inda zai nutse sai ya taru lokaci ɗaya ya gangara inda ya saba bi tun kafin a haifi mai gidan, kuma fadama da kududdufi da kwari waɗanda sune ma'ajiyarsa su ne filayen da suka fi araha don haka su ake fara cikewa. Birnin Chennai na Indiya ya ga wannan, fadamar Pallikaranai da ke kudancinsa an cinye mafi yawanta da gine-gine da hanyoyi da juji, a Disamban 2015 ambaliya ta shanye garin har filin jirgi aka rufe, sannan a tsakiyar 2019 manyan tafkunan da ke ba garin ruwan sha suka kusa ƙafewa har ta jirgin ƙasa aka riƙa kawo ruwa. Gari ɗaya, ambaliya da ƙishirwa cikin shekara huɗu, kuma ɓacewar wuraren da ke riƙe ruwa tana da hannu a duka biyun. A Houston ta Amurka kuma lokacin guguwar Harvey a Agustan 2017 dubban gidajen da ruwa ya ci an gina su ne a cikin yankin da ruwan madatsun Addicks da Barker ke mamayewa in sun cika, da yawa cikin masu gidajen basu ma san haka ba sai ranar.

Curitiba a Brazil ita ta bi ta ɗaya hanyar. A shekarun 1970 zamanin magajin gari Jaime Lerner, maimakon su zuba kuɗi su kankare koguna sai suka karɓi filayen bakin kogi masu ambaliya suka mai da su lambuna da tafkuna, irin lambun Barigui da aka buɗe a 1972, in ruwa yayi yawa lambun ya cika ya janye bayan kwana biyu ba gidan da ya shiga, sauran ranakun shekara kuma mutane na yawo da motsa jiki a ciki. Fili ɗaya yana aikin magudana yana aikin wurin hutawa, kuma ya hana a gina gida inda bai kamata ba. Saboda haka mutumin da ya miƙe a taro yace magudanar ruwa yake so da wanda yace a bar fili, sau da yawa abu ɗaya suke nema basu sani ba.

Zafi ma haka ne, unguwar da babu inuwa siminti da kwalta suna shan rana yini guda su sake ta da dare. Medellín a Kolombiya ta fara dasa bishiyoyi a kan hanyoyi da bakin rafuka guda 30 daga 2016, hukumomin birnin suka ce zafi ya ragu da kusan digiri 2 a ma'aunin Selshiyos. Akwai wani ma'auni mai sauƙin riƙewa da masanin gandun dajin birane Cecil Konijnendijk ya kawo a 2021, yace kowa ya iya hango bishiya 3 daga gidansa, kashi 30 na unguwa ya zama ƙarƙashin inuwar bishiya, sannan kada nisan gida da lambu mafi kusa ya wuce mita 300. Wannan na ƙarshen shi yafi burge ni, don hukumomi sun fi son katafaren lambu guda ɗaya mai gyat da tikiti wanda za a yanke kirtani a ɗauki hoto, amma yaro ɗan shekara bakwai da tsohuwa mai ciwon gwiwa ba zasu hau mota su je can ba, ƙaramin fili a ƙarshen layi shi ne nasu.

To wa zai bada filin, tunda dai ƙasar ta mutane ce? Nan ne maganar take tsayawa kullum, hukuma tace bata da kuɗin diyya, mai gona yace ba zai bada kyauta ba. Amma akwai hanyar da aka daɗe ana bi. A haɗa gonakin yanki guda wuri ɗaya a takarda, a zana hanyoyi da filin makaranta da lambu, a cire su daga jimla, sauran a sake rabawa masu shi kowa gwargwadon abun da ya kawo, sai mutum ya karɓi fili ƙarami a kan wanda ya bayar amma mai kusurwa huɗu a bakin hanya, wanda kuɗinsa ya ninka na da. Birnin Frankfurt a Jamus ya samu dokar yin haka tun 1902, Japan tayi tata babbar dokar a 1954 kuma kusan kashi 30 na yankunan biranenta ta haka aka tsara su, jihar Gujarat a Indiya tana yi ƙarƙashin dokar 1976 inda mai fili kan bar har kusan kashi 40 ya riƙe sauran, kuma da wannan dabarar aka samu yawancin filin titin zobe mai kilomita 76 da ya zagaye Ahmedabad. A Ingila kuma sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990 ya ba ƙaramar hukuma damar ta sa kamfanin da zai gina rukunin gidaje ya bada gudunmawar makaranta ko hanya ko lambu kafin a bashi izini. Tunanin duk ɗaya ne, hanyar da jama'a suka yi ita ta ɗaga darajar filin, don haka wani kaso na ribar ya koma ya biya hanyar. Sharaɗin dai sai an yarda da hukumar, in mutane sun taɓa ganin an karɓi fili da sunan makaranta ya koma gidan wani, ba zasu sake bada ko taku ɗaya ba, kuma suna da gaskiya.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan duk wannan da bai kamata a share ba, cewa tsari yana tsadar da fili. Kuma haka ne in aka wuce gona da iri. Dokar da tace fuloti dole ya kai kaza, kowane layi sai an kwalta shi an sa fitila kafin a sayar, takarda sai ta bi ofis goma, abun da take haifarwa shi ne mai ƙaramin ƙarfi ya tsallaka gaba inda dokar bata kai ba ya sayi awon igiya, sai a samu ƴar unguwa mai kyau guda ɗaya da teku na marasa tsari kewaye da ita. Shi yasa shawarar Shlomo Angel na jami'ar New York tafi kama hankalina, shi cewa yayi hukumar da bata da ƙarfi kada ta ce sai ta tsara komai, ta riƙe abu biyu kawai, ta shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30 da tazarar kilomita ɗaya tsakaninsu a duk inda garin zai kai nan da shekara 30, sannan ta killace wuraren da bai kamata a gina ba, abun da ke tsakanin hanyoyin a bar mutane su gina daidai ƙarfinsu. Tazarar kilomita ɗayan kuma don kowa ya iya takawa zuwa inda bas ke bi cikin minti goma ne. An gwada wannan a wasu biranen Habasha irin su Hawassa da Adama daga 2013, da wasu a Kolombiya.

Tunda an zo maganar hanya, buƙatar da tafi kowacce farin jini bayan unguwa ta cika ita ce a faɗaɗa babban titin shiga gari, kuma a nan sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Houston ɗin nan ta faɗaɗa babbar hanyar Katy aka gama a 2008, a wasu wuraren hannu 26 in an haɗa da na gefe, cikin ƴan shekaru cunkoson ya dawo, don titi in ya buɗe mutane sukan ƙara matsawa nesa su gina, kowa da motarsa. Masana tattalin arziki Duranton da Turner sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka tafiyar mota tana ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. Asalin ciwon shi ne unguwar barci kawai ake yi a cikinta, makaranta da kasuwa da asibiti da wurin aiki duk suna can cikin gari, dole kowa ya fita lokaci ɗaya ya dawo lokaci ɗaya, kuma wannan ma komawa yake ga filin da ba a ware ba tun farko. Ga kuma lissafin da ba a cika yi ba, layin da kowane gida ke da faɗin mita 30 yana buƙatar kwalta da bututu da waya ninki uku na layin da gidajensa ke da mita 10 kafin a kai wa iyali ɗaya, kuma ba ginawa ce matsalar ba, gyaran ne da zai dawo duk bayan shekaru, harajin gidaje kaɗan ba zai riƙe doguwar hanya ba.

Saura batun su waye ma al'ummar da ake cewa an ji ra'ayinta. Wasu malaman jami'ar Boston sun bi bayanan tarukan tsara gari a garuruwa 97 da ke kewayen birnin, suka tarar masu magana yawanci manya ne, maza, masu gidan kansu, kuma kusan kashi 15 ne kacal ke goyon bayan a gina sabbin gidaje. Ba sai an je Amurka ba kowa ya san wanda ke da lokacin zuwa taron ƙarfe goma na safe ranar aiki. Ɗan haya baya zuwa, matar da ke kai yara makaranta a ƙafa ta tsallaka kwata uku bata zuwa, yaran da filin nasu ne ba a gayyace su ba, kuma mafi yawan waɗanda zasu rayu da hukuncin basu ma tare a unguwar ba tukuna, wasu ba a haife su ba. Unguwar da ke da gida 500 yau zata iya zama mai 10,000, amma 500 ɗin ne ke yanke hukunci, su kuma ta ko'ina suka duba fili suke gani fetal, to me zai sa su damu da ware fili?

Wannan ba yana nufin a daina tambayar mutane bane. Porto Alegre a Brazil ta fara ba unguwanni damar zaɓar ayyukan da za a sa a kasafin kuɗi tun 1989, mutane suka zaɓi magudanar ƙazanta da ruwa da gyaran layuka, kuma unguwannin talakawa da aka daɗe da mantawa da su suka amfana sosai. A Orangi da ke gefen Karachi a Pakistan, daga 1980 ƙarƙashin shirin da Akhtar Hameed Khan ya kafa, mazauna kowane layi suka riƙa haɗa kuɗi suna binne bututun ƙazanta na layinsu da kansu, hukuma kuma aikinta babban bututun da zai kwashe. A abun da ya shafi layinsu mutane sun fi kowane injiniya sanin inda ruwa ke kwanciya. Amma rabon aikin Orangi ɗin shi ne daidai, na cikin layi na mazauna, wanda ya ratsa unguwanni na hukuma, kuma riƙe fili don waɗanda basu zo ba tukuna yana cikin kason hukuma ko da babu wanda ya nema a taro.

Kuma yanda ake tambayar ma yana canza amsar. In kace kwalta ko lambu, kwalta zata ci kullum. In kuwa ka shimfiɗa taswira a gaban mutane kace kowa ya nuna inda ruwa ke taruwa da damina, inda yaransa ke wasa yanzu, hanyar da suke bi zuwa makaranta, da inda yake ganin za a sa asibiti in gidajen nan sun ninka goma, zaka ga yatsu suna sauka a kan wurare uku ko huɗu iri ɗaya, kuma in ka bincika zaka tarar rabinsu an riga an kafa masu allon sayarwa.